Gilashin da Ya Koyi Gudu da Fim

Duk wanda ya riski zamanin majigi, ko ya taɓa zama kusa da ɗakin inji a gidan sinima, zai tuna ƙarar nan ta kar-kar-kar da na'urar haska fim ke yi. Da yawa sun ɗauka ƙarar gudu ce, alhali kuwa ta tsayuwa ce. Fim ba ya wucewa ta gaban fitila a guje. Wani ɗan ƙarfe ne ke cusa kai cikin hujin gefen fim ya fizgo hoto ɗaya, fim ya tsaya cik, marfi ya buɗe haske ya ratsa, marfi ya rufe, a fizgo na gaba. Sau 24 ake yin haka a kowace daƙiƙa, adadin da aka tsaya a kai tun ƙarshen shekarun 1920 da fim ya fara magana. Kyamarar da ta ɗauko fim ɗin ita ma haka take yi, don sharaɗin hoto ke nan tun asali: abin da haske zai sauka a kansa sai ya natsu. In ya motsa, hoto ya shafe.

Ga mai labarin soyayya ko na faɗa, 24 ta wadatar. Amma akwai waɗanda abin da suke son gani ya fi ƙiftawar ido sauri, kamar injiniyan da ke neman inda ƙarfe ya fara tsagewa, ko sojan da ke bin harsashi, ko masanin ƙwari da ke son ƙirga kaɗawar fiffiken ƙuda. A baki dabarar mai sauƙi ce. Ka ɗauki hotuna masu yawa cikin daƙiƙa ɗaya, ka haska su a 24, sai abin ya koma tafiyar hawainiya. Hotuna 240 su rage saurin ninki goma, 2,400 su rage shi ninki ɗari. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Fim leda ce siririya mai huji a gefe, kuma akwai iyakar fizga da tsayarwar da za ta iya jurewa. Kyamarori mafi inganci na wannan tsari, masu cin fim ɗin milimita 16, wajen hotuna 500 a daƙiƙa suke tsayawa. In aka matsa, haƙori ya yaga huji, fim ya cukurkuɗe a ciki. Eadweard Muybridge ya kauce wa wannan tun 1878 a Palo Alto ta Kalifoniya, inda ya jera kyamarori 12 a gefen hanyar sukuwa, kowace ta ɗauki hoto ɗaya tak, har aka ga akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu ke barin ƙasa gaba ɗaya. To amma wa zai jera kyamara dubu biyar?

Saura hanya ɗaya, a daina tsayar da fim, a sake shi ya yi ta gudu. Lissafin abin da ke biyo baya ya isa ya sa mutum ya dafa kai. A fim ɗin milimita 16, tsakanin hoto da hoto milimita 7.62 ne. Mai son hotuna 5,000 a daƙiƙa sai fim ɗinsa ya ci mita 38 a daƙiƙa, kusan kilomita 137 a awa. Cikin ɗan lokacin da za a buɗe wa haske ƙofa, a ce sulusin rabon kowane hoto, fim ya riga ya zame da milimita biyu da rabi. Abin da zai fito bayan wanki ba hoto ba ne, jirwaye ne.

Nan masu wannan sana'a suka rabu gida biyu. Gida na farko suka ce a gajarta lokacin har motsi ya rasa damar yin ɓarna. Lucien Bull, almajirin masanin kimiyya Étienne-Jules Marey a Faransa, ya ɗauki tashin ƙwari a 1904 da tartsatsin lantarki da fim naɗe a jikin ganga mai juyawa. Harold Edgerton na jami'ar MIT a Amurka ya kai abin maƙura daga shekarun 1930 da fitilar da ke walƙiya ta mutu cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. A irin wannan lokaci, fim mai gudun mita 38 ko kaurin gashi bai matsa ba. Hotonsa na harsashi yana ratsa tuffa, na 1964, har yau ana lika shi a bangon ɗakunan karatu. Amma wannan hanya tana da sharuɗɗanta. Sai a ɗaki mai duhu, sai abin da za a ɗauka yana kusa da fitila, kuma ba ta da amfani ga abin da ke fitar da nasa hasken. Ba yadda za ka ce wa wutar roka ta riƙa walƙiya daidai da fim ɗinka.

Gida na biyu su ne suka fi burge ni, don ba su yi faɗa da motsi ba, bin sa suka yi. Kowa ya san mai talla a tasha, mota ta tashi kafin ta ba fasinja canjinsa. Ba ta roƙon direba ya tsaya. Gudu take yi gefen taga har saurinta ya zo daidai da na motar, a wannan ɗan tsakanin hannunta da na fasinja kamar a tsaye suke, ta damƙa masa kuɗinsa, ta ja da baya. Abin da aka nema ke nan a cikin kyamara: hoton da idon kyamara ya jefo ya yi gudu tare da fim, daidai da saurinsa, na ɗan lokaci, sannan ya koma baya ya tari gurbi na gaba.

Wani limamin coci kuma malamin kimiyya a birnin Graz na Ostiriya, August Musger, ya nemi rajistar irin wannan dabara tun 1904 da ganga mai madubai a jiki. Bai ci moriyarta ba. Rajistar ta faɗi don rashin kuɗin sabuntawa, kamfanin Ernemann na Dresden ya fito da na'ura mai kama da ita a lokacin yaƙin duniya na farko. Amma abin da ya zama ruwan dare a duniya ba madubi ba ne, ɗan dunƙulen gilashi ne mai fuska huɗu, wanda mutum zai iya rufewa a tafin hannunsa.

Aikinsa ya cancanci a tsaya a kansa. Haske in ya shiga gilashi mai fuskoki biyu a layi ɗaya, ya same shi a miƙe, miƙe yake fita. In aka ɗan karkata gilashin, hasken zai lanƙwashe wajen shiga, ya sake lanƙwashewa wajen fita, ya ci gaba da fuskantar inda ya dosa tun farko, sai dai ya ɗan gusa gefe. Gwargwadon karkatar, gwargwadon gusawar. Saboda haka in aka sa gilashin tsakanin idon kyamara da fim aka juya shi, hoton zai riƙa saukowa daga sama zuwa ƙasa. In aka zaɓi kaurin gilashin da irinsa daidai, aka kuma ɗaure juyawarsa da dabaran da ke jan fim, saukowar hoton za ta zo daidai da gudun fim. Da kusurwar gilashin ta iso sai haske ya yanke, fuska ta gaba ta karɓa, hoto ya koma sama ya sake farawa. Gilashin shi ne mai rakiya, shi ne kuma marfi. Mai fuska huɗu yana ba da hotuna huɗu a kowane zagaye, wato don a sami 5,000 sai ya zagaya sau 1,250 a daƙiƙa.

Kamfanin Kodak ya ƙera irin wannan kyamara a farkon shekarun 1930, mai hotuna 1,000 a daƙiƙa. Cikin waɗanda suka fara saye akwai ɗakin binciken Bell na kamfanin tarho, kuma abin da ya kai su ba wani abin alfahari ba ne. 'Yan ƙananan makunnan lantarki da ke haɗa kiran waya ne ke ba su ciwon kai, don in bakinsu ya haɗu sai ya yi tsalle ya sake haɗuwa, ido kuma ba ya gani. Da suka nemi wadda ta fi sauri Kodak bai yi ba, sai suka ƙera tasu, suka sa mata suna Fastax, mai hotuna 5,000. Daga baya zanen ya koma hannun kamfanin Wollensak, wanda ya kai ta 10,000. A farkon shekarun 1960 kamfanin Redlake ya fito da Hycam, inda aka ɗora gilashi da marfi da dabaran fim a kan sanda ɗaya, don a rabu da ɗan wasan da ke tsakanin haƙoran giya.

Kada a ɗauka rakiyar ta cika cif. Fim gudunsa a miƙe yake, gusawar hoto kuwa a tsakiyar juyi kawai take bin sa sau da ƙafa. Da gilashi ya karkata da yawa sai su fara saɓawa, hoton kuma ya ɗan dusashe. Shi ya sa tsakiyar juyin kaɗai ake amfani da shi, a toshe saura, shi ya sa kuma hoton waɗannan kyamarori bai taɓa kai na masu tsayar da fim kaifi ba. An yarda da ɗan dishi-dishi don a sami sauri ninki ashirin. A ganina cinikin ya yi.

Aiki da su kuwa ba na mai gaggawa ba ne. Naɗin fim mai ƙafa 100 hotuna 4,000 ke cikinsa, wanda a cikakken gudu ko daƙiƙa ɗaya ba zai kai ba. Injin kuma ba ya tashi da cikakken gudu, sai ya ci wani ɓangare na fim ɗin yana ɗaukar wuta. Dole a lissafa tun farko yaushe za a kunna kyamara, yaushe abin da ake jira zai faru, a haɗa su da waya ɗaya. In fashewar ta riga, fim bai kai gudu ba. In ta makara, fim ya ƙare. Wutsiyar naɗin takan farfashe ta cika cikin kyamarar da ɓarɓashi, sai an share kafin a sake lodi. Ga fitilu masu zafin da ke iya ƙona abin da aka zo ɗauka. Bayan duk wannan sai a kai wanki, a jira, sannan a san ko an dace. Tun da gudun ba ya zama ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, akwai wata 'yar fitila a ciki da ke ɗiga alama a gefen fim, sau 1,000 a daƙiƙa a yawancin aiki. Mai nazari zai zauna ya ƙirga hotuna nawa ke tsakanin ɗigo da ɗigo. Kowane hoto da lokacinsa a rubuce a jikinsa.

Da aka nemi abin da ya wuce dubbai zuwa miliyoyi, fim ba zai iya gudun ba ko ta halin ƙaƙa, sai aka juya lamarin. Fim ya zauna a baka, haske ya yi gudun. Cearcy Miller, injiniya a hukumar binciken jiragen sama ta Amurka mai nazarin yadda mai ke kamawa a cikin inji, shi ya nemi rajistar dabarar a 1940. Hikimar a nan ita ce a sa hoton ya faɗo a kan fuskar madubin da ke juyawa, ba a gabansa ko a bayansa ba. Ta haka madubin na juyawa amma hoton da ke kansa kusan bai gusa ba, hasken ne kawai ke sharar jerin ƙananan idanu ɗaya bayan ɗaya, kowane ya sauke nasa hoton a gurbinsa. Berlyn Brixner ya ƙera irinta a Los Alamos ta Amurka don a ga yadda nakiya ke matse cikin bam ɗin nukiliya. Na baya-bayan nan, masu madubin da iskar hiliyom ke kaɗawa, sun kai hotuna miliyan 25 a daƙiƙa, sai dai hotunan da ake samu a harbi ɗaya 'yan gommai ne zuwa ɗari da wani abu.

Ba a ɓoye yake ba, kuɗin yaƙi ne ya raini wannan fasaha. Ranar 16 ga Yuli 1945 da aka tayar da bam na farko a hamadar New Mexico, akwai Fastax cikin kyamarorin da aka girke. Da aka saki wasu hotunan ƙwallon wutar ɗauke da ma'aunin tsawo da na lokaci, masanin Ingila G. I. Taylor ya zauna da alƙalami ya fitar da ƙarfin bam ɗin, kusan tan dubu 17 na nakiya, ya buga a 1950, lokacin da adadin yake sirrin gwamnati. Hoton da ke ɗauke da lokacinsa na gaskiya har abin da mai shi bai yi niyyar faɗa ba yana faɗa.

A sama ma matsalar ita ce, sai dai ta shigo ta wata ƙofa. Kyamarar jirgin leƙen asiri fim ɗinta a tsaye yake, ƙasa ce ke gudu a ƙarƙashi. George Goddard na sojan saman Amurka ya tsaya kai da fata a kan kyamarar da ba ta da marfi sam, sai siririyar tsaga, fim na wucewa ta bayanta daidai da saurin hoton ƙasa, aka yi aiki da ita a yaƙin duniya na biyu. Taurarin leƙen asirin Amurka masu suna Corona, daga 1960 zuwa 1972, su ma sai da aka sa musu hanyar bin gudun ƙasa, suna cillo fim ɗinsu a cikin gwangwani jirgi ya cafke a iska. Cikin hotunan wancan zamani da Amurka ta saki a 1995 akwai na Tafkin Chadi na 1963, lokacin da faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Ba don masuntan Baga aka ɗauka ba, amma yau da shi ake auna abin da ya ƙafe.

Sannan fim ya tafi. Wajen 1980 aka fara samun na'urar bidiyo mai hotuna 2,000 a daƙiƙa a kan kaset. A 1991 Takeharu Etoh na jami'ar Kinki a Japan ya fito da mai 4,500 wadda ke zuba hotunanta kai tsaye cikin ma'ajiyar kwamfuta. Faifan lantarkin da ke karɓar haske ba ya zuwa ko'ina, saboda haka ba wanda za a raka. Gilashi mai juyawa ya koma kabad. Abin da ya fi canza aikin ma ba sauri ba ne. Kyamarar yau tana ɗauka ba tsayawa, tana shafe tsoho tana rubuta sabo, sai bayan abin ya faru a danna mata ta riƙe abin da ya wuce. Duk lissafin nan na yaushe za a kunna ya zama tarihi. Masu gwajin karon mota suna ɗaukar buɗewar jakar iska a hotuna 1,000 a daƙiƙa su kalla nan take. A 2013 iPhone ta zo da 120, a 2017 wata wayar Sony ta zo da 960, yau yara na ɗaukar feshin kuɗi a wajen biki da saurin da Kodak ya yi taƙama da shi. Ban ga abin kuka a nan ba. Wanda ya taɓa asarar gwajin wata guda don fim ya ƙare da wuri ba zai yi kewar wancan zamani ba.

Sai dai abu ɗaya bai canza ba, wato ƙarancin haske. Duk sa'ad da ka gajarta lokacin ɗauka, hasken da ka tara ya ragu. Don haka duk inda abu ke gudu kuma ba halin ƙara fitila, tsohuwar dabara na dawowa da sabuwar riga. Tauraron NigeriaSat-2 da aka harba a 2011 an ƙera shi ne don ya rarrabe abu mai faɗin mita 2.5, ƙasa kuma na wucewa ƙarƙashinsa da kusan kilomita 7 a daƙiƙa. Wato cikin wajen sulusin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, gurbin da yake kallo ya wuce. Hasken da za a tara a nan kaɗan ne ƙwarai. Wata mafitar da aka samo ita ce a bar faifan a tsaye, a riƙa tura cajin lantarkin da haske ya haifar daga layi zuwa layi daidai da gudun hoton, yana taruwa yana tafiya. Kyamarar HiRISE da ke zagaya duniyar Mars tun 2006 tana raka kowane ɗigo har layi 128. Aikin gilashin Fastax ne sak, ba tare da ko ƙusa ɗaya ta motsa ba.

Madubi ma bai yi ritaya ba. A filayen gwajin makamai akwai madubin da ke juyawa ya bi harsashin igwa, kyamara na kallon madubin, harsashin ya fito kamar an rataye shi. Masu bincike a jami'ar Tokyo sun yi amfani da ɗan madubi mai kai da komowa don ɗaukar tsagar bangon hanyar ƙarƙashin dutse daga motar da ke gudun babbar hanya, ba sai an rufe titi ba. Har a aljihunmu akwai jikan wannan dabara. Kamfanin Canon ya sa gilashi mai lilo a cikin idon kyamara a 1995 don ya soke rawar hannu, yanzu kuma wayoyi da yawa na da ɗan ido a rataye, na'urar jin karkata na gaya masa inda hannu ya nufa, shi kuma ya gusa ya riƙe hoton a wuri ɗaya.

Duk waɗannan dangi ɗaya ne, domin gyaransu kafin haske ya sauka ake yin sa. Abin da aka adana a ƙarshe hasken da ya taso daga abin ne, komai dishi-dishinsa. Wanda ya shigo daga baya, kuma yake neman cinye kasuwa, shi ne gyaran bayan ɗauka. Manhaja ta karɓi hoton da ya shafe ta ƙago masa kaifi. Wasu wayoyin da ke tallar 960, rabin wannan ko ƙasa da haka suke ɗauka a zahiri, sauran manhaja ce ke duba hoton gaba da na baya ta zana abin da take zaton ya faru a tsakani. Ga bidiyon biki ba laifi, har ma ya fi daɗin kallo. Amma mai son sanin lokacin da bel ɗin injin niƙa ya fara zamewa, ko alƙalin da ke son sanin hancin wane doki ya riga taɓa layi, ba zai iya aiki da hoton da aka zana ba, don abin da yake nema shi ne daidai abin da manhaja ba ta zata ba. Tsallen makunnin Bell ba ya cikin hoton gaba, ba ya cikin na baya. Da zato aka cike tsakanin, da bakin ƙarfen ya haɗu sumul, injiniya ya koma gida da matsalarsa.

Gane su ba wuya. A ɗauki tayar keke tana juyawa, ko ruwan famfo yana faɗawa cikin bokiti, sannan a bi bidiyon hoto bayan hoto. A na gaskiya wayoyin tayar a miƙe suke ko da sun ɗan shafe, ɗigon ruwa kuma kowane da gefensa. A waɗanda aka cusa tsakani, wayoyin kan lanƙwashe ko su ninku, ɗigo biyu su narke su zama ɗaya, wani ma ya ɓace ya sake bayyana a hoto na gaba.